Hoton da Na Ƙi Wankewa

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina kwana biyu? Na san babu mai kai miki wannan takarda. Ko kina raye ma sai an nemo mai karanta miki, ni kuma kunya ba za ta bar ni in aiko ba. Shekara uku da wata biyu ke nan da muka kai ki makwancinki. Ina zaune a shagona na hoto a Gummi, rana ta take, tun safe mutum biyu suka leƙo, ɗayan ma inuwa ya zo sha. Na gaji da juya maganar nan ni kaɗai, shi ya sa na yago takarda.

Mutanen gida suna lafiya. Ƙanena Sani ya sa wa ɗakinki kwano, Goggo Hajo ce ke kwana a ciki, har yanzu da faɗa da kaji take karya kumallo. Iskar daminar bara ta karya babban reshen tsamiyar ƙofar gida. Rabin samarin garinmu sun jingine fartanya sun tafi wajen Bagega haƙar zinariya, suna dawowa da duwatsu a buhu, mata na dakawa a turmin da ake dakan fura. Takwararki ta shekara uku da rabi. Inna Ƙarama muke ce mata, tunda babu mai bakin faɗar sunanki a gidana. Surutu gare ta kamar rediyo, wannan kam ba ke ta gado ba.

Inna, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Hadiza matata.

Ni ne ɗanki na fari, don haka ba ki taɓa kiran sunana ba. Sai dai ki ce a gaya wa wancan tuwo na hucewa. Nakan jiyo dariyarki daga zaure, ke da Sani da ƙanwata Balki, ina sa ƙafa tsakar gida sai ki naɗe fuskar kamar tabarma. Na san al'ada ce, haka uwar kowa take yi da na farinta, ba ƙi ba ne. Na sani sarai. Amma sanin bai taɓa hana ni jin zafi ba. Sai na koyi satar kallonki ta gefe. In ranki ya ɓaci, layi biyu ke tsayawa tsakanin girarki. In kina cikin damuwa, kina cizon leɓen ƙasa ta ciki. In baƙuwar da ba ki so ta yi sallama, hancinki kan buɗe kaɗan kafin ki amsa. Na haddace su duka. Wadda ban taɓa gani ba ita ce fuskar da kike yi idan ni ne na faranta miki.

Wataƙila shi ya kai ni sana'ar hoto. Lokacin da na ce zan tafi Gusau in koya, Baba ya ce shiririta ce, ke kuwa kika ci gaba da tankaɗe, ban gane komai a fuskarki ba. Shekara goma sha biyar ina leƙa fuskokin mutane ta ƙaramin gilashi. Na gane murmushin ƙarya a baki yake tsayawa, haƙora ne kawai a waje. Na gaskiya kuwa yakan ɗaga kunci, ya matse ido, har fatar gefen idon ta tattare. Magidanci zai zo hoton fasfo ya murtuke kamar an kai shi gaban alƙali, in ce saki fuska Alhaji, ba ni na kai ƙararka ba. Har cika baki nake yi a majalisa, wai babu fuskar da za ta yi mini ƙarya.

Sai ga shi kin tashi wata safiya ɓarin fuskarki na dama ya saki. Idon ba ya rufuwa, hawaye na bin kunci, ruwa na zuba ta gefen baki. Goggo Hajo ta ce iska ce ta mare ki a bakin rijiya. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, bai saki ba. Sani ya ce zai kai ki babban asibiti a Sakkwato, kuma an ce a zo da ƙaramin hoto na kati. Ya aiko mini.

Kin tuna ranar? Na rataya shuɗin ƙyalle a jikin rumbu, aka kifa miki turmi kika zauna. Hoton kati ba a yin sa da sunkuyar da kai, dole ki dubi na'urar, ni kuma ina bayanta. Shekarata talatin da takwas, ranar ce farkon da kika dube ni ido cikin ido. Na ce a raina yau ce ranar. Ina daidaita gilashin na faɗa miki cewa jaririyar da Hadiza ta haifa, sunanki na raɗa mata.

Sai bakinki ya karkace gaba ɗaya zuwa hagu, leɓen ya ja sama. Yatsana ya danna kafin in ankara.

Inna, taɓe baki na gani. Irin wanda mace ke yi in an kawo mata atamfar da ta raina. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na ce a raina, shekara talatin da takwas ina jira, abin da zan samu ke nan? Ashe sana'ar tawa kin raina ta, ashe ni ɗin ma haka. Na ce a sake, wannan bai yi ba. Na ɗauki na biyu, na naɗe ƙyallena, na ce sai an kwana biyu. Balki ta biyo ni da ƙwaryar fura, na ce na ƙoshi. Na biyun na wanke na aika wa Sani. Na farkon na yanke shi daga fim ɗin na jefa cikin gwangwani.

Sallah ta zo na ce aiki ya yi yawa. Sani ya aiko cewa kina tambaya ko wancan lafiya, na ce a ce lafiya lau. Wata huɗu ban taka garin ba. Da zazzaɓi ya kwantar da ke aka aiko, na iso an riga an yi miki wanka.

Watan jiya wani dattijo daga wajen Anka ya zo hoton fasfo, fuskarsa irin taki sak. Abokinsa da ya rako shi ya tsokane shi, wai ko an yi hoton ma babu matar da za ta so shi. Dattijon ya ƙyalƙyale da dariya har da buga cinya. Ina kallo bakinsa ya karkace gefe guda, leɓen ya ja sama. Dariya nake ji da kunnena, amma idona taɓe baki yake gani.

Na rufe shago na tafi wajen Sista Rifkatu, ma'aikaciyar jinyar nan 'yar kudancin Kaduna da ke unguwarmu. Ta ce mini kowane ɓari na fuska da jijiyarsa da ke jan namansa. In ta ɗaya ta mutu, mutum ya yi murmushi, ɓarin mai rai ne kaɗai ke ja, babu mai riƙe masa ɗaya gefen, sai bakin ya tafi wajensa. Ta ce da yawa masu wannan ciwo suna daina dariya a gaban mutane saboda yadda ake kallonsu. Ta tambaye ni wa ke ciwon, na ce wata ce a garinmu.

Na zazzage gwangwanin na samo fim ɗin. Na ba direba ya kai Gusau aka wanke mini shi babba. Da ya dawo na sa kwali na rufe ɓarin da ya mutu.

Kuncinki a ɗage yake, Inna. Idon ya matse, fatar gefensa ta tattare, layi uku. Abin da nake koya wa mutane a majalisa. Na ɗauko madubin da masu hoto ke gyara hula, na tsayar da shi a tsakiyar hancinki, ɓarin mai rai ya zama biyu. Sai ga fuskar da nake jiyo dariyarta daga zaure. Kin ajiye kunyar shekara talatin da takwas, a gaban Sani da Goggo Hajo, da rabin fuskar da ya rage miki. Ni kuma na ce a sake, wannan bai yi ba.

Wanda ya fi hana ni sukuni shi ne na biyun, wanda ke manne a katin asibiti, wanda kowa a gida ya ajiye don tunawa da ke. Na rufe masa ɓarin dama shi ma. Kuncin ya sauka, girar ta ɗaga ta ciki, kina cizon leɓen ƙasa. Tsakanin hoton farko da na biyu bai fi ƙiftawar ido goma ba. Me kika gani a tsakani in ba fuskata ba? Ke da ba ki taɓa riƙe na'urar hoto ba, kallo ɗaya kika yi mini kika karanta ni daidai. Me ya sa ba ki aiko an gaya mini ba? To, wa za ki aika, ki ce masa me? Ni da ke da ƙafa, me ya hana ni zuwa?

Na gaji, Inna. Sana'ar ma ta fara ja da baya, an ce wayoyi masu ɗaukar hoto na shigowa, ban ma damu ba. Yanzu in mutum ya zauna gabana ba na ce masa ya saki fuska. Yadda ya zo haka nake ɗauka.

Jiya Inna Ƙarama ta zo shago da uwarta, ta tarar da hoton a kan tebur, ba kwali ba madubi. Ta tambayi wace ce. Na ce takwararta ce. Ta duba, ta ce me ya ba ta dariya?

Na ce mata ke ce.

Ki yafe mini, Inna. Na gani yanzu, ko da yake na makara. Allah ya haskaka makwancinki, ya tashe ki da fuskarki cikakkiya. In ya haɗa mu, ba sai kin kira sunana ba. Ki dube ni kawai, zan tsaya.

Naki,
wancan,
Bello mai hoto.