Kwalba Ashirin da Huɗu

Wurno, Birnin Kudu
12 ga Yuni, 2023

Zuwa ga Baffana, Malam Iliyasu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna Jummai da duk mutanen Zandam. Umma ma tana gaishe ku.

Jiya sau uku na kira ka, duk abin da na faɗa sai ka ce, "Na'am? Wa ya rasu?" Shi ya sa na koma takarda, tunda ƙarar taraktar da ka yi shekara talatin kana tuƙawa ta cinye maka kunne amma ta bar maka ido. Salihu direba zai riƙa miƙo maka.

Baffa, injin feshin ya iso! Wata huɗu ina bin Alhaji Abdulsamad, mai gonar nan, da magana, yana cewa masu feshi da injin goyo sun ishe shi. Ka san girman gonar, hekta ɗari da sittin ta masara. Kafin masu goyo su kai ƙarshenta, ciyayi irin su harƙiya da ƙiri-ƙiri sun sake rufe farkonta, ga bayin Allah suna dawowa da ciwon kafaɗa da jan ido.

Da ka ga wannan, da ka manta da hawan jininka. A bayan tarakta ake ɗaura shi. Yana da tanki babba, da hannuwa biyu da ake naɗewa a hanya, in an shiga gona a ware su, tsawon mita goma sha biyu. A jikinsu akwai bakuna ashirin da huɗu a jere, kowanne yana fitar da magani siriri kamar raɓa. Da muka gwada da ruwa zalla, tsayawa na yi baki buɗe kamar 'yar ƙauye ta ga jirgi. Aikin da mutum talatin suke kwana uku a kai, kafin azahar ya gama.

Direbanmu Jafaru dattijo ne mai furfura a gemu, 'ya'yansa shida. Da rawaninsa ya goge tankin, na rantse maka. Alhaji ya damƙa mini feshin gaba ɗaya. Ka yi mini addu'a.

'Yarka,
Khuzaima

*

Zandam, Gwaram
15 ga Yuni

Zuwa ga Injiniya Khuzaima,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai godiya. Kunnena garau yake, wayarku ce ba ta da murya.

Na karanta takardarki sau biyu, na uku na karanta wa Jummai da ƙarfi har awaki suka watse. Wallahi na ji daɗi. Yarinyar da na riƙa korewa daga akwatin sifanonina yau ita ce shugabar inji mai baki ashirin da huɗu! Da marigayi yayana Shehu yana raye, da bakinsa bai rufu ba.

Abu uku zan gaya miki, kada ki ce tsoho ya fara. Ki yi feshi da safe kafin iska ta tashi, don wake da riɗin maƙwabta ba su san Alhaji ba. Kada kowa ya taɓa magani babu safar hannu da abin rufe hanci. Na uku, ruwan da za ki zuba a tanki ya zama wanda za ki iya ganin ƙasan bokiti ta cikinsa.

Ki gaishe da Ummanki da girmamawa. Allah ya yi miki albarka.

Baffanki,
Iliyasu

*

Wurno
1 ga Yuli

Baffa,

Assalamu alaikum. Ka gafarce ni, gaisuwar yau gajera ce. Ina cikin tashin hankali.

Mun fesa ɓangaren yamma, hekta tamanin, masara tana da ganye huɗu. Na auna maganin da hannuna, na duba takardarsa har na haddace. Yau kwana takwas, gonar ta zama kamar zanen saƙi. Wani layi tas, ciyawa ta mutu masara tana sheƙi. Wani layin masarar ta ƙone, ganyen ya yi ja ya kanannaɗe. Wani kuma ciyawar ko gezau, kamar ruwan sha aka ba ta.

Alhaji ya zo daga Kano ranar Alhamis. Bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya zagaya, ya dawo ya ce, "Malama Khuzaima, ke kika ce a kawo injin nan." Na ce ni ce. Ya ce ɓangaren gabas da aka shuka daga baya zai isa feshi nan da kwana goma. In aka sake ganin haka, za a jingine injin, a dawo da masu goyo, ni kuma in nemi wani wurin. Kafin nan yana son a gaya masa wanda ya jawo wannan ɓarna.

Mutane har sun fara. Wani ya ce maganin jabu ne, wani ya ce an yi wa gonar baki, wani ya ce da ma ina mace ina inji. Wannan ta ƙarshen ce ta hana ni cin abinci. Na duba famfo, lafiyarsa ƙalau. Gudun tarakta daidai. Ruwa kam, rijiyar burtsatsenmu ta tsaya kwana biyu, muka ɗebo a kududdufi, amma mun tace da tsumma.

Ban san inda zan duba ba kuma.

Khuzaima

*

Zandam
3 ga Yuli

'Yata Khuzaima,

Wa alaikumus salam. Ki ci abinci tukuna, sannan ki karanta.

Da maganin jabu ne, da gonar duk kala ɗaya za ta yi. Da iska ce, da gefe guda za ta kwanta. Mai baki kuwa, ban taɓa jin wanda yake yin mugunta da igiyar awo ba. Layi miƙaƙƙe da yake bin sawun tarakta, daga bakunan injin yake fitowa. Wasu suna zubar da fiye da ƙima, wasu sun toshe. Ido ba ya ganewa, duk raɓa ɗaya zai nuna miki.

Ga abin da za ki yi. Ki nemi kwalaben lemo ashirin da huɗu, iri ɗaya. Ki wanke tanki, ki cika da ruwa zalla. Ki rataya kwalba a ƙarƙashin kowane baki da zare. A kunna minti ɗaya cur, ki riƙe agogo da kanki, a kashe. Sai ki jera kwalaben a ƙasa yadda suke a jikin injin, ki tsuguna ki dube su. Kwalba ba ta jin tsoron Alhaji, ba ta kuma jin kunyarki.

Na ce miki ruwan da ake ganin ƙasan bokiti, kika kawo mini kududdufi da tsumma. Za mu yi wannan shari'ar daga baya. Yanzu dai ki bincika a hankali: in baki ya toshe a tsakiyar gona, wa yake buɗe shi, kuma da me?

Ina jiran Salihu a bakin titi.

Baffanki,
Iliyasu

*

Wurno
5 ga Yuli

Baffana,

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Daga Zandam ka hango abin da ni da nake tsaye a kai ban gani ba.

Na yi gwajin ni kaɗai da mai gadi, bayan ma'aikata sun tashi. Kwalba goma sha huɗu kansu ɗaya, kamar an auna da cokali. Shida sun cika har suna zuba. Huɗu ko rabi ba su kai ba. Na ɗauki takarda na bi gonar, kowace kwalba da layinta. Sai da na zauna a kan kunya na yi dariya ni kaɗai. Ashe injin bai yi mini ƙarya ba, abin da aka ba shi ya bayar.

Da safe na tambayi Jafaru, kamar hira, yadda yake yi in baki ya toshe. Baffa, sai ya cire hularsa, ya zaro allura daga jikinta, ya nuna mini yana murmushi. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ai ba na bari ki wahala. Da na waiga na ga ɗaya ya ɗauke, sai in sauko in sosa shi. Tun ina ɗaukar injin goyo take tare da ni." Shida ya sosa har ramin ya buɗe. Huɗun da suka toshe rabi, bai lura da su ba.

Mutumin nan shi yake fara zuwa, shi yake ƙarshen tafiya. Don ya kyauta mini ya yi. In na faɗi sunansa, Alhaji zai sallame shi a tsakiyar damina.

Na yanke shawara. Ranar Asabar zan ce wa Alhaji laifina ne ni kaɗai. Ba ƙarya ba ce ma, ni na yarda da ruwan kududdufi, ni ce ban koya masa ba. Jafaru ba sai ya sani ba. Zan sa sababbin bakuna in ɓoye allurar da dabara. In an kore ni, ina da takardar makaranta, shi ba shi da ita.

Amma Baffa, ya aka yi ka san a tambayi "da me"?

'Yarka,
Khuzaima

*

Zandam
6 ga Yuli

Khuzaima,

Wa alaikumus salam. Na biya Salihu ya juya yau don wannan ta same ki kafin Asabar.

Kin tambaya, zan faɗa. An gaya miki mahaifinki ya bar aikin gandun gwamnati ne don ya fi son noman gonarsa. Ba haka ba ne. Shekara talatin da shida ke nan, shi ne shugaban masu tarakta, ni sabon ɗauka, shi ya kawo ni. Aka kawo injin feshi, ƙanin wannan naki. Bakuna suka toshe, na sa allurar buɗe risho na sosa su, ina jin na yi gwaninta. Gyaɗa ta ƙone layi-layi. Da manyan suka zo, Yaya Shehu ya ce shi ne. Ina tsaye a bayansa, ban buɗe baki ba. Shi aka sallama, ni na yi shekara talatin har da fansho.

Bai taɓa tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Ban taɓa ganin mutum irinsa ba, kuma jininsa ne yake magana a takardarki. Na yi kuka da na karanta, ba na jin kunyar faɗa.

Amma ki saurare ni. Kada ki yi wa Jafaru abin da aka yi mini. Ya cece ni, gaskiya ne, amma tun daga ranar ban ƙara iya haɗa ido da Ummanki ba. Duk abin da na koya miki na inji, rabi so ne, rabi neman inda zan sauke wannan kaya. Kuma in kin ɓoye masa, allura ba ta ƙare a kasuwa ba, zai sayi wata ya sosa miki ɓangaren gabas.

Ki faɗi naki laifin, na ruwa da na rashin koyarwa, don naki ne. Nasa kuwa ki bar masa. Ki jera masa kwalaben ya gani da idonsa, sannan ki yi shiru. Dattijo ne, ki ba shi damar da ni na samu na kasa ɗauka. Ki kuma saya masa buroshin goge haƙori mai laushi, da shi ake wanke bakin inji, a cikin ruwa mai tsabta.

In kin ga dama ki karanta wa Ummanki wannan. Ni na kasa.

Ki yafe mini.
Iliyasu

*

Wurno
24 ga Yuli

Baffana,

Assalamu alaikum, da fatan kun wuni lafiya.

Na jera wa Jafaru kwalaben. Ya daɗe a tsugune, sannan ya cire hularsa ya dubi allurar. Ranar Asabar ina cikin faɗar nawa laifin, ya katse ni, ya ajiye ta a kan bonet ɗin motar Alhaji ya ce, "Ga wadda ta ƙona masarar, ni na riƙe ta." Alhaji ya sa aka sake gwajin a gabansa da sababbin bakuna. Kwalba ashirin da huɗu, kai ɗaya. Alhaji ya ce mutum biyu da suke rige-rigen ɗaukar laifi ba ya sakin ko ɗaya.

Mun fesa gabas. Yau kwana goma sha biyu, kore shar daga wannan iyaka zuwa waccan, ko layi ɗaya babu. Buroshin yana soke a hular Jafaru, ana ta yi masa tsiya.

Ga allurar a cikin ambulan, Jafaru ya ce a ba Inna Jummai ta yi ɗinki.

Na karanta wa Umma. Ta ce ta sani tun ranar, Baba ya gaya mata da ya dawo gida. Cewa ya yi, "Iliyasu ya fi ni kan inji, ni ƙasa na iya, kowa ya tsaya inda zai yi amfani." Ta ce bai taɓa nadama ba, ita ma haka.

Ta ce in gaya maka ka zo ranar Juma'a, za ta yi tuwon dawa da miyar kuka. Kuma wannan karon ka shigo tsakiyar tabarma ka zauna, ta gaji da ganinka a gefe kamar baƙo.

'Yarka,
Khuzaima