Kunun da Ya Kwana Gefen Sofaj

La Courneuve, Nuwamba 1994

Ɗiyata Raliatou,

Bayan gaisuwa, ya sanyin Lyon, ya karatu? Mu nan sai godiya, in aka cire guiwata da asansar ɗin da ke hawa da mu benen gidanmu, waɗanda suka haɗa baki suka daina aiki tare.

Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san ubanki aji uku ya yi a lakwal, a na huɗu ta taga ya fita. Youssouf ɗan ƙanena ya kai kaya Saint-Fons, nan kusa da Lyon, da kamyonsa, ya biya ta ɗakinki. Ya ce ya ga bokiti a rufe bayan ƙofa, da ƴar tiyo a kansa tana ɓul-ɓul kamar kwaɗo, ɗakin kuma warin gidan burkutu yake. Wai kin ce masa aikin makaranta ne. Wace makaranta ce ke ba ɗiyar Musulmi wannan aikin gida?

Innarki Rékia ta ce in je in ɗauko ki, karatun sinadarin abincin ya isa haka. Na roƙe ta ta bari in ji daga bakinki. Amma na riga na yanki tikitin jirgi na ƙarshen wata. In amsarki ba ta zauna mini ba, ki fara ɗaure kaya.

Ubanki,
Chaibou

Lyon, Nuwamba 1994

Baba,

Ina gaishe ka cikin girmamawa, ina gaida Inna. Allah ya ba guiwa lahiya.

Youssouf bai yi ƙarya ba, abin da ke cikin bokitin ya zama giya. Sai dai kunun zaƙinka ne, Baba. Cikin butalan da ka ba ni guzuri, ɗaya ta fashe a jakata tun ban sauka jirgi ba. Kunun kirki ba ya fasa butali, shi ya sa na sake dama shi yadda na ga kana yi a gidan abincinka na Belleville.

Kana barin gasara ta huce har yatsa ya iya zama a ciki kafin ka zuba garin tsiron hatsi. A wannan ɗumin, tsiro yana mai da gari irin sukarin da yis ke cinyewa tas. Da da sauran zafi ka zuba, da wani kaso na zaƙin ya fi ƙarfin yis. Kuma saboda sanyin Paris ba ya barin kunu ya yi tsami, kana barbaɗa yis ɗin burodi, ka jingina tukunyar da sofaj mai ɗumama ɗaki.

Muna da wani gilashi mai yawo a kan ruwa. In da sukari yana tsayawa sama, in yis ya ci sukarin sai ya riƙa nutsewa. A kununka ya nutse kusan inda yake kaiwa a ruwan famfo. Wanda aka sha ranar da aka dama ba shi da laifi. Wanda ya kwana ya sake kwana, sukarinsa ya koma barasa.

Na daɗe ina neman bakin da zan faɗa maka da shi. Ka gafarce ni.

Ɗiyarka,
Raliatou

La Courneuve, Nuwamba 1994

Raliatou,

Gaisuwa a taƙaice. Wato an tambayi mai bokiti, ta nuna mai tukunya. Wannan dabara a wajen innarki kika gaje ta. Ni da alhazai ke layi a ƙofata bayan Juma'a, ni ne mai gidan giya? Kuma wa ya shaida miki gilashin nan ba ya ƙarya? Ke dai ki rantse mini ba ki kai shi baki ba.

Amma wani abu ya hana ni sakewa. Alhaji Salmanu mai shagon atamfa bai taɓa karɓar sabon damu ba. Kullum sai ya ce in duba masa na can baya, na jikin sofaj, wai shi ke sakar masa ciwon baya. Jiya na miƙa masa na ranar a madadinsa. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya ce, "Malam Chaibou, hannunka ya canza." Na dube shi, ya dubi silin. Bai shanye ba ya tafi.

Tikitin yana aljihuna har yanzu. Rubuto mini zafin da ya kamata, da harshen da mai aji uku zai gane.

Ubanki

La Courneuve, Disamba 1994

Ɗiyata,

Na samu takardarki, na bi yadda kika ce. Na mai da tikitin. Ki zauna ki gama karatunki.

Na gaya wa innarki lalle aikin makaranta ne, ban ƙara ko harafi ba. Sai dai ta ga na zubar da yis, na janye tukunya daga sofaj, ta kuma ji Alhaji Salmanu ya ƙaurace mini. Ke ta wanke ki. Yanzu in na shigo gida sai ta matso dab da ni, tana tambayata labarin da bai dame ta ba, hancinta a buɗe.

Ki sa ni a addu'a. Allah ya yi miki albarka.

Ubanki,
Chaibou