Bibata ta kasa amsa wa kakarta

Zalika,

Na wuce tashar jiragen ruwa, ba zan iya jiran dawowarki daga asibiti ba. Yara na barci.

Jiya na kai su lambun bakin ruwa na nan Abijan. Suna kan lilo na kira Inna a Doso, na kunna bidiyo don ta gan su. Ta gai da Bibata da Zabarmanci har sau uku, yarinyar ta tsaya tana kallona, ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Inna ta ce, "Ƙyale ta, Hamani, bar ta ta yi wasanta," ta kashe wayar.

Na yi wa Bibata tsawa a gaban mutane. Ba ta koma kan lilon ba, abincin dare ma ta ƙi ci.

Laifina ne. Shekara bakwai ban taɓa zaunar da ita na koya mata ba.

In ta tashi, don Allah ki lallashe ta, ki ce Baba ya ce ta yi haƙuri. A hanyar gida ta tambaye ni da Faransanci ko Kaka ta daina son ta ne.

Hamani