Rabin Zanen da Bayanka Ya Rufe

Zuwa ga mahaifina, Malam Isa magini, wanda ya riga mu gidan gaskiya damina biyu da suka wuce.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uba, da fatan kana cikin ni'imar Ubangiji, Baba, labarin da na zo da shi ba mai daɗi ba ne. Bangon gabas na hubbaren Malam, waliyyin nan na unguwarmu Madabo, ya faɗi.

Yau wata guda ke nan. Marka ta kwana uku tana zuba, indararo ya toshe, ruwa ya bi ta cikin bango. Da hantsi muka ji rugugi har cikin gida. Alhamdu lillahi babu wanda ya ji rauni. Amma bangon da ka shekara talatin kana yi wa yaɓe kowace bazara, da zanen da ka yi masa da yatsunka, duk sun zama tulin jar ƙasa a lungu.

Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. Ina aji ina koyar da lissafi, hankalina yana Madabo.

Ka san ni da ɗaukar hoto tun da na sayi waya mai kyamara. Na tuna ranar da ka same ni tsugune a bakin kududdufi ina jiran bado ya buɗe. Ka tsaya da kekenka, ka ce, "Nasiru, duk karatun nan a gadin fure ya ƙare?" Ba ka taɓa hana ni ba, sai a hubbare. Can kam cewa kake, "Nan wurin addu'a ne, mayar da ita aljihu."

Da 'yan unguwa suka taru a zauren mai unguwa, mafi yawa bulo da kwano suke so, a huta. Ban ga laifinsu ba, 'ya'yansu ta lungun suke bi. Sai Baba Garba, abokin aikinka, ya dogara sanda ya miƙe. Ya ce shi zai iya tayar da bangon da tubali da yaɓen makuba ta ɓawon ɗorawa kamar yadda yake. "Amma zanen hannun Isa ne, ni ƙasa nake miƙa masa. Ku nemo mini hoto." Kowa ya juyo yana kallona.

Kwana biyu ina tonon waya da tsohuwar kwamfutata. Ga shamuwa a kan rimi farkon damina. Ga hadari ya haɗo ta bayan Dala, ya fi sau hamsin. Ga kuka tsirara a gefen badala, ga kainuwa ta rufe ruwa. Na taka har Jakara da Yakasai don tsoffin soraye. Bangon da nake wucewa sau biyar a rana kan hanyar masallaci, shi ne babu.

Can sai na ci karo da guda ɗaya. Bazararka ta ƙarshe ce, kana kan tsani, ka ba ni baya. Daga bayan darbejiya na sace shi, ka yafe mini. Kai nake son ɗauka, ba bangon ba, shi ya sa rigarka ta rufe rabin zanen. Hannunka na dama yana sama, babban yatsa ya nutse cikin ɗanyar ƙasa.

Na kai aka wanke shi babba, na miƙa wa Baba Garba. Ya daɗe yana kallo, ya kai shi kusa da ido, ya nisanta, ya share fuska da hannun riga. Ya ce, "Wannan rabin na gani. Ɗaya rabin sai mu bi inda hannunsa ya nufa."

Mai unguwa ya ba mu zuwa ƙarshen kaka. In bango bai tashi ba, bulo za a sa. Gwiwoyin Baba Garba sun gaji, ba ya iya shiga ƙasa. Don haka Asabar da Lahadi ni nake naɗe wando ina kwaɓa, sana'ar da ka yi ta kirana gare ta ina zillewa. Ya ce ina taka ƙasa kamar mai tsoron ƙaya. Tubalin da na fara yi, rabinsa ya tsattsage kafin ya bushe.

Da, in na ga hadari, gudu nake in hau Dala da wayata. Yanzu gabas na yin baƙi gabana yake faɗuwa, in ruga in duba tamfol ɗin da muka rufe sauran bango uku da shi. Jiya an yi wani bakan gizo a kan unguwa, irin wanda na shekara ina nema. Ina kan tsani ina share indararo, hannuna duk taɓo, na kalle shi har ya ɓace.

Abin da ke damuna, Baba, shi ne rabin nan da ba ma gani. Lalube za mu yi. In muka kauce, masu zuwa ziyara za su ce aikin Malam Isa ne, alhali ba haka ka yi shi ba. Na rasa wanda zan tambaya, sai kai, kai kuma ka yi nisa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata makwancinka, Ya sa kowane dunƙulen ƙasa da ka ɗora a hubbaren nan ya zame maka inuwa ranar gobe ƙiyama. Mu kuma Allah Ya tsayar mana da bangon nan kafin wa'adi.

Gobe Asabar. Ƙasa na can a jiƙe tana jirana.

Ɗanka,
Nasiru.