Ƙofar da Ƙuri'a Ta Tsallake

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya ƙafar nan taka, ta saki?

Albishirinka, binciken hawan jini da ofishinmu yake yi ya iso unguwarmu. Ka san Baba da asibiti, ko sunansa ba ya son ji, ga ciwon kai ya hana shi sakat. Na sha roƙonsa in gwada shi da kaina, ya ce 'yar cikinsa ba za ta zama likitarsa ba. Amma ya yi alkawari in baƙi suka zo har ƙofarsa zai miƙa hannu, don shi bai taɓa korar baƙo ba.

Sai dai ba kowane gida ake shiga ba. Na'ura ce take jefa ƙuri'a ta zaɓo gidajen. Ka taya ni addu'a ta faɗo kan namu.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Ina gaishe ka, ina gaida mutan gida. Da fatan kowa lafiya.

Ƙuri'a ta faɗa kan gidan tela, katanga ɗaya tsakaninmu. Na roƙi shugabar tawagarmu a musanya. Ta ce in kowa ya cusa gidan da yake so, sakamakon zai nuna danginmu ne kawai, ba unguwar ba. Gaskiya ta faɗa, ni ma abin da nake koya wa sababbin ma'aikata ke nan, amma na fito ina jin haushinta.

Na rasa bakin gaya wa Baba. Ranar da muka shigo layin, tun daga nesa na hango shi cikin farar rigarsa. Ya fito da kujeru, har ya naɗe hannun riga tun ba a tambaye shi ba. Muka wuce shi, Yaya, muka shiga gidan tela. Ban iya ɗaga kai ba.

Da muka gama na lallaɓi ma'aikaciyar jinya ta leƙa ta duba Baba. Ya gaishe ta da fara'a, ya ce shi ba ya cin ragowa, zai jira nasa rabon. Ka san halinsa in ya kafe. Don Allah ka kira shi, ko kai zai ji maganarka.

Taka,
Auta

Yayana,

Da fatan kun isa gida lafiya. Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta.

Tela kullum sai ya tare ni a hanya. An samu jininsa ya hau sosai, yanzu yana shan magani. Sai ya riƙa kuka yana cewa rabon Baba ya ci. Ina ba shi haƙuri, ina ce masa kwana ne ya ƙare, amma in na kalle shi zuciyata tana zafi. Allah Ya yafe mini, ba laifinsa ba ne.

Jiya aka fara zagaye na biyu, aka sake jefa ƙuri'a. Gidanmu ya fito. Shugabarmu ta ce a tura wani, na ce ni zan je.

Dokar aikinmu ita ce, ba a cewa gida ba kowa sai an ƙwanƙwasa an jira. Gidan a rufe yake tun bayan rasuwar Baba, makullin yana cikin jakata, amma na ƙwanƙwasa, na yi sallama, na tsaya kamar baƙuwa. Ta tagar nan da ta tsage ina hango kujerun da ya fito mana da su, an jingine su a bango. Na daɗe a tsaye kafin in rubuta ba kowa.

Ka gaida yara, ka sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Auta