Numfashin Habu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga Malam Isa na Cadakori zuwa ga ƙanena Idi, a hanyar Makka. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiyar tafiya, yaya iyali da abokan hanya? Mu nan sai godiyar Allah.

Bayan haka, labarin ƙanenmu Habu ne. Murar nan da ta ratsa ƙasa kafin Nasara su sauka daga mulki ta bar shi da rai, amma har yau numfashinsa bai dawo daidai ba. Likita a Maradi ya saurari ƙirjinsa, bai sami komai ba.

A azumin bana ya zauna ja mini baƙi wurin tafsiri kamar yadda ya saba. Da ya shiga aya mai tsawo, numfashi ya yanke masa a inda ba a tsayawa. Ya koma farko, ya sake yankewa. Jama'a suka sunkuyar da kai. Da aka watse ya ce mini, "Yaya, nemi wani. Ba zan riƙa gutsuttsura maganar Allah ba." Na ce ya dakata tukuna. Ya ce, "Ni kake tausaya wa, ka bar haƙƙin karatu."

Yanzu wani ke ja. Habu yana zama can baya, leɓɓansa na motsi. Buzun zamansa kuwa na hana a ɗauke shi daga hannun damana.

In Allah ya kai ka, ka ambaci sunansa a gaban Ka'aba, ka riƙo masa zamzam. Gai da Hajara da yara.

Wassalamu.