Umma, Ban Tanka Mata Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa irin ta 'ya ga uwa, ina fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji, amin. Mu ma nan Ƙarfi muna lafiya, ni da ƙanwata Ummi. Baba yana can Legas wajen aikin lodinsa, bai zo ba tun babbar sallah. Idan ya bugo waya maganarsa ɗaya ce: in bi Baffa Sale sau da ƙafa, tunda a gidansa muke.

Dalilin rubuto miki wannan takarda shi ne ina da magana a ciki, kuma duk gidan nan babu kunnen da zan zuba wa ba ta dawo min da wani abu ba.

Umma, wata bakwai ke nan da tafiyarki, kuma har yanzu muna ɗakinki. Ban taɓa jerenki ba, ƙura kawai nake gogewa. Amma zaman namu a kan sharaɗi yake, kuma ni na jawo. Wata uku da suka wuce na dawo daga makaranta na tarar da Rabi, 'yar Baffa, ta ɗaura zanenki mai ruwan goro tana tuƙa tuwo da shi. Ban san lokacin da na cakume ta ba. Ni da ko a aji ba a jin muryata, sai ga ni ana ɓamɓare ni daga jikin mutum a tsakar gida.

Da yamma Baffa ya kira ni zaure. Bai ɗaga murya ba, kin san shi. Cewa ya yi, “Zulai, gidana ba filin dambe ba ne. Na ƙara jin kanku, ke za ki koma Bakori wajen Gwaggonki, Ummi ta zauna a nan wajen Inna, ɗakin kuma a ba 'yan'uwanki.” Rabi tana bayan ƙofa, ta ji komai.

Ba zan ɗauki alhakinta gaba ɗaya ba. Su biyar suke kwana a ɗaki ɗaya mai yoyo, mu biyu kuma muna ɗakin da aka yi wa sabon kwano. Na gane abin da take hange. Abin da ya fi min ciwo shi ne ita ce wadda muke ɓuya bayan rumbu muna karanta littafi ɗaya, ni ina riƙe da gefe tana riƙe da gefe, idan ta riga ni gama shafi ta riƙa zungurina.

Tun daga ranar nake tafiya a gidan nan kamar mai taka ƙwai. In na shanya wanki, in tarar da shi a ƙasa. In na ja ruwa, a wanke ƙafa da shi. In na yi shiru, a ce ina gaba da mutane, ga girman kai. In na buɗe baki, to shi ake jira. Don haka kullum da safe nake gaishe da Rabi, ita da shekara ɗaya kacal ta ba ni. Wata rana ta amsa, wata rana ta ce, “Ji munafuka.”

Ina yawan tuna ki a bakin murhu ranar da maƙwabciyarmu ta yi ta sakin habaici ta kan katanga saboda akuya. Kina ta fifita wuta kamar ba da ke ake ba. Da na ce ki rama, sai kika ce, “Wuta ba ta cin ƙasa, Zulai, sai ta sami karmami. Kada ki zama karmamin kowa.” A lokacin haushinki na ji. Na ɗauka tsoro ne.

Shekaranjiya aka kawo masarar gandu. Kin san yadda ake yi: a zube ta tsibi-tsibi a faƙo, mata biyu a kan kowane tsibi, kowa da ƙusarta ta tsaga ɓawo, kuma ba mai tashi sai tsibinta ya ƙare. Ga hadari yana ta haɗowa daga gabas, ana sauri kada ruwan ƙarshe ya taɓa ta. Inna, matar Baffa, ce ta raba mu, ta haɗa ni da Rabi. Na san da kyakkyawar niyya ta yi, wai ko aiki zai shirya mu. Muka zauna gwiwa da gwiwa, babu wajen gudu.

Muna cikin aiki, mata sun kai goma sha biyar, sai Rabi ta zaro wani abu daga cikin hijabinta. Littafina ne, Umma, mai koren bango, wanda nake rubuta labarina a ciki. A ƙasan akwatinki nake ɓoye shi, kuma ita kaɗai na taɓa nuna wa wurin, tun muna shiri.

Ta miƙe tsaye ta ce, “Jama'a ku saurara, marubuciyar gidanmu ta fito da sabo!” Ta maƙale murya ta fara karantawa: yadda Dakta Kamal ya tsayar da farar motarsa a hanyar Funtua, ya sauke gilashi, ya ce wa yarinyar idanunta sun hana shi barci. Wurin ya kaure da dariya. Wata ta ce, “Ikon Allah, ashe shiru-shirun nan da likita a ciki!” Wata ta ce a tambaye ni ko yana duba ciwon gwiwa. Ji na yi kamar an kware min zane a tsakiyar kasuwa.

Ke kaɗai na taɓa karanta wa irin waɗannan. Kina tsintar wake ina karanta miki, ki ce, “Wannan saurayin ba shi da gona ne, kullum sai zance?” Ki yi dariya, amma ki ce in ci gaba.

Ban ɗago ba. Na tsaga ɓawo, na ɓare, na jefa. Na ɗauki wata.

Iya Tabawa, tsohuwar nan mai daddawa, ita ta so ta ɓata wa Rabi shiri ba da saninta ba. Da gaske labarin ya kama ta. Ta ce, “Ke bar wannan iya shegen ki karanta da kyau. To ya aure ta ko bai aure ta ba?” Aka sake dariya, amma wannan karon ba ni ake yi wa ba. Na ga fuskar Rabi ta canza. Ta zauna, ta matso har numfashinta yana taɓa kunnena, ta ce yadda na kusa kawai za su ji: “Ai gado ne. Uwarki ma haka take, macijin ƙaiƙayi.”

Umma, ƙusa tana hannuna. Ba zan ɓoye miki ba, na ga inda zan sa ta. Maganganu suka cika min baki, har da waɗanda na sani game da ita da ba wanda ya sani. Matan kusa suka tsayar da aiki suna kallona. Ita ma kallona take, kuma abin da na gani a idonta ba fushi ba ne, jira ne. Hannunta ma ta sauke, ta miƙo min fuska.

Can gefe Ummi tana zaune a kan tulin ɓawo, tana yi wa wata masara kitso da gemunta, tana yi mata waƙa. Ba ta san ana komai ba. Shekararta shida, har yanzu sai ta riƙe bakin zanena take iya barci.

Na damƙe ƙusar har ta shige min tafin hannu. Na ce, “Allah Ya ji ƙanta.” Shi ke nan abin da na ce. Na ɗauki wata masarar. Muka gama tsibin nan tare, ni da ita, har la'asar, jini yana ɗan ɓata ɓawon ina juya shi ƙasa don kada a gani.

Na ɗauka na tsira. Jiya Baffa ya aiko kirana. Labari ya kai masa har majalisa, wai 'yar ƙaninsa tana rubuta zancen maza. Ya ce ya ji ban tanka ba, ya yaba, don haka maganar Bakori babu ita a yanzu. Amma gidansa ba za a ƙara karanta littafin soyayya ba, balle a rubuta. Rabi kuwa cewa kawai ya yi ta dawo min da littafina, ta daina taɓa kayan mutane.

Ni da kaina na kwaso littattafaina, guda goma sha ɗaya, har da wanda kika sayo min a kasuwar Malumfashi kika ɓoye a cikin buhun gishiri. Na durƙusa na ajiye a gabansa, mai koren bangon a sama. Ban kai ƙarshen labarin ba ma. Na ce, “Na gode, Baffa.” Na fito.

To Umma, ga tambayata, don ita ta hana ni sukuni. An zage ki a gabana ban rama miki ba. Haƙuri ne wannan, ko kuwa na zama matsoraciya ne ina fakewa da maganarki? A littattafan da na karanta, idan aka kai yarinya bango akwai wanda yake zuwa, ko ta faɗi magana ɗaya kowa ya yi tsit. Ni ba wanda ya zo. Kuma na san da na faɗi tawa, da yanzu ina cikin motar Bakori, Ummi tana bin ta da gudu. Faɗan ba nawa ba ne, tarko ne, na gani da idona. Amma ganin tarko bai sa ƙirjina ya daina zafi ba.

Ki yafe min idan na gaza miki. Ummi dai tana nan wajena. Yau ni na yi mata wanka, na yi mata kalaba huɗu, ta ce na fiye ja, ke ba haka kike yi ba.

Gobe za a kawo masarar gonar fadama. Inna ta riga ta faɗa, ni da Rabi ne kuma.

Ya Allah Ka ji ƙan Ummana, Ka yalwata mata makwanci, Ka sanyaya mata kamar yadda ta sanyaya mana. Ka riƙe min harshena da hannuna gobe, da jibi, da duk ranar da za a sake zaunar da ni. Ka cire wa Rabi abin da ke cin ta. Kada Ka raba ni da Ummi. Amin.

Taki har kullum,
Zulaihat